Silo

Ran Talata na kai ta Ƙofar Ruwa,
Civic ɗina, shekararta ashirin da biyu a duniya.
Haladu ya kwance kan injin,
ya zaro tsohon kamshaf, baƙi wuluk,
ya miƙo mini kamar mai miƙa jaririya.
Sabon na cikin kwali yana sheƙi,
tozayensa kamar na bijimin kasuwar Wudil.

Ya ce, "Ilu, wannan ɗan gudu ne.
Yana buɗe bawul ya manta bai rufe ba.
A miƙaƙƙen titi zai ba ka abin da kake nema,
to amma garin nan rabinsa tsayuwa ne."
Na ce ɗaura.
Adashen wata tara na zuba a kai,
ba wa'azi na zo saye ba.

Daren farko, titin Zariya, ƙarfe ɗaya,
daga Na'ibawa na taka totur,
allura ta haye dubu biyar,
sai motar ta buɗe murya.
Ban taɓa jin ta haka ba.
Fitilun titi suka zama zare ɗaya,
na yi ihu ni kaɗai,
na daki sitiyari har tafina ya yi ja.

Da safe, danjar Gyaɗi-Gyaɗi.
Ja ta kama, na ɗaga ƙafa.
Gur-gur, gur,
tari irin na tsoho mai shan taba,
allura ta yi lilo, ta sunkuya,
ta faɗi.
Shiru.
Bayana 'yan adaidaita sun haɗa baki da ham,
wani yaro mai sayar da ruwan leda
ya leƙo ya ce, "Yallaɓai, a tura?"

Mun sauya fulogi, mun wanke nozul.
Haladu ya ɗaga silo zuwa dubu ɗaya da ɗari biyu,
mai ya riƙa tafiya kamar an huda tanki.
Ya ja tayimin gaba, ya dawo da shi baya.
Birki ya yi tauri kamar taɓarya,
wai iskar da yake zuƙa ta ragu.
Wani a Sabon Gari ya jona kwamfuta
ya ce ƙwaƙwalwar motar ba ta san baƙon ba,
lissafin tsohon take yi har yau,
sai an sake mata karatu. Dubu tamanin.

Na koyi tuƙi da ƙafa ɗaya a wuri biyu,
yatsu a birki, dunduniya a totur,
ina lallashinta a kowane cunkoso
kamar mai jijjiga goyo.

Ran da na ɗauko Inna Uwani daga asibitin Nassarawa
sau huɗu ta mutu kafin Ƙofar Mata.
Inna ba ta ce uffan ba sai a na huɗun.
Ta gyara ledar magani a cinyarta,
ta ce, "Da can ba ta yi haka.
Me ka ba ta?"
Na ce ƙarfi na ƙara mata.
Ta daɗe tana kallon allurar nan a kwance,
ta ce, "To, Allah ya ba ta lafiya."

Tsohon kamshaf na ƙarƙashin gadona,
naɗe cikin takardar siminti.
Haladu ya ce awa uku ya isa a mayar,
ba zai ma karɓi kuɗin aiki ba.
Na ce masa Asabar.
Asabar uku ke nan.

Don jiya ma, da gari ya yi tsit,
na fita Na'ibawa.
Na dawo wajen ƙarfe biyu,
ta mace mini a bakin layinmu,
na tura ta da hannu har ƙofar gida
ina haki, ina murmushi.